Zanen Ankon da Ya Tafi da Jariri

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur na koma yi wa bango magana. Kafin in tafi karatu na daɗe ina karanta labarai da sanarwa a wani gidan rediyo a Kano, kuma murya idan aka ajiye ta tsatsa take yi. Don haka kowace safiya, idan na idar da salla, sai in buɗe labaran ƙasar a waya, in riƙa mayar da su Hausa da ƙarfi, ina fuskantar bangon ɗakina a wani dogon bene a unguwar Setapak. Akwai ranakun da nake wuni ban buɗe baki ga kowa ba sai shi.

Mijina ya rasu kafin in samu gurbin karatun, Allah kuma bai ba mu haihuwa ba. Matan Hausawan da ke unguwar kashi biyu ne: matan aure da suka biyo mazajensu, da 'yan mata ɗalibai da iyaye suka turo. Ni ban faɗa ko ɗaya ba. Matan auren suna gaishe ni da mutunci, suna kuma lura da tsawon gaisuwata da mazansu. 'Yan matan suna ce mini Anti, su rage murya idan na shigo. Muna da ƙungiya, da zauren hira a waya, da shugaba, matar wani malamin jami'a wadda ta fi kowa daɗewa a ƙasar. Hajiya muke ce mata. Ita ke zuwa asibiti idan wata za ta haihu, ita ke raba faɗa, ita ta san inda ake samun kuka da daddawa a birnin da ba su san da su ba.

Da ƙaramar salla ta matso a shekarar, Hajiya ta ce a yi anko. Aka kawo atamfa daga Kano, shuɗiya mai hoton ganye ruwan goro. Tela ɗaya ya ɗinka mana duka, ɗinki iri ɗaya, riga da zane da ɗankwali, don kada wata ta fi wata. Na saya don kada a ce ban saya ba. Na saka ranar salla, na wanke, na ninke, na manta da shi a ƙasan akwati. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, duk faɗin birnin nan babu mai wannan atamfa sai mu.

Tsakanin benenmu da inda nake hawa mota akwai ofishin 'yan kwana-kwana. A can bomba ake ce musu, kuma aikinsu ya wuce gobara. Su ake kira idan maciji ya shiga kicin, ko zobe ya maƙale a yatsa, ko ƙofa ta ƙi buɗuwa. A cikinsu akwai wani dattijo mai furfura a gefen kai, wanda ya taɓa buɗe mini ƙofa ranar da makulli ya karye mini a ciki. Tun daga nan nake ce masa Pak Cik, wato kawu, shi kuma ya ce mini Puan, yadda suke kiran macen da suke girmamawa. Duk safiya idan na wuce suna wanke jar motarsu, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Puan, dah makan?" Kin ci abinci? Gaisuwa ce kawai a wurinsu, ba ya jiran amsa. Amma sau da yawa ita ce tambaya ɗaya tilo da ake yi mini a yini, don haka nake tsayawa in amsa ta sosai.

Wata safiya, an kwana ana ruwa ya ɗauke, na fito zan tafi ɗakin karatu. Ba kowa a wurin wanke mota. Tiyo yana yashe a ƙasa yana zuba. Pak Cik yana tsaye a bakin ƙofa, da ya hango ni bai tambaye ni abinci ba. Ya yafito ni.

"Puan, shigo kaɗan. Boleh?" Wato, za ki iya?

Na bi shi zuwa ɗakin da suke hutawa. Abin da na fara lura da shi zafi ne. Sun kashe na'urar sanyi, sun kashe fankoki, sun rage muryar rediyonsu na aiki har sai ka kasa kunne. Wani ƙaton ma'aikaci yana zaune a kan benci, ya ɓalle maɓallan rigarsa, ya manna wani abu a ƙirjinsa, an lulluɓe su tare da irin bargon nan mai ƙyalli kamar takardar naɗe nama. Gumi yana bin wuyansa, bai motsa ya share ba. Wata ma'aikaciya ta durƙusa a gabansa, ta ɗan ɗaga gefen bargon tana ƙirga numfashi da leɓɓanta. Sai na ga kan. Jariri ne, namiji, da gashi baƙi mai laushi a murɗe, kunnuwansa sun riga sun nuna irin launin da zai yi. Namu ne.

Pak Cik ya yi mini bayani a hankali, rabi da Turanci rabi da harshensu. An danna musu ƙararrawa da sassafe. Wanda ya fito ya tarar da kwali a ƙarƙashin rumfa, inda ruwa ba ya kaiwa. An ɗaure cibiyar da baƙin zare, irin wanda muke kitso da shi, kuma ba su taɓa ɗaurin ba, sun bar wa asibiti. Sun cire masa abin da aka naɗe shi da shi saboda ya jiƙe, sun goge shi, sun ba shi ɗumin jikin mutum.

"Ba ku ga wadda ta ajiye shi ba?" na tambaya.

"Idan aka danna ƙararrawa aka tafi, mu ƙasa muke fara dubawa," ya ce. "Kafin mu ɗaga kai mu dubi titi, titi ya zama titi."

Ya nuna tebur. Abin da aka cire wa jaririn yana cikin farar leda, an ninke shi tsaf. Shuɗi, da ganye ruwan goro. Aikin rediyo ya koya mini riƙe murya idan labari ya zo da sunan wanda na sani, amma bai koya mini riƙe fuska ba, tunda ba a ganin mu. Pak Cik ya kalle ni, ya kawar da kai.

"Abu ɗaya nake so in sani," ya ce. "Musulmi ne?"

"Ban san uwarsa ba, Pak Cik."

"Ban tambaye ki uwarsa ba, Puan. Ina so in san ko in yi masa kiran salla."

Na yi tunani, na faɗi iyakar abin da na tabbatar. Na ce duk matan da na san suna da irin wannan zane Musulmi ne.

Ya je ya wanke hannu. Ya sunkuya a kan ƙirjin abokin aikinsa, ya kai baki kusa da kunnen dama na yaron. Muryarsa ba ta da daɗi, ta dushe, wataƙila hayaƙi ne na shekaru. Amma bai yi sauri ba, bai haɗiye ko harafi ɗaya ba. Sauran da ke tsaye a bakin ƙofa suka cire huluna. A gida da uba ne zai yi wannan, ko kaka, ɗaki cike da mata ana raba goro. Yaron ya yamutsa fuska, ya yi atishawa, ƙaton nan ya yi dariya ba sauti don kada ƙirjinsa ya girgiza.

Da aka ce motar asibiti ta shirya, na matsa kusa da teburin.

"Ku ba ni zanen in wanke masa."

Na san dalilin da ya sa na roƙa, ina jin shi ma ya sani. Ya ɗora hannu a kan ledar.

"A'a, Puan. Abin da ya zo da shi nasa ne, da shi zai tafi. Wata rana zai girma ya tambaya me aka bar masa. Kada a ce ba komai."

Ya raka ni waje. A hanya ya gaya mini cewa a ƙasar akwai wasu asibitoci da gidaje masu 'yar taga ta musamman, wadda mace za ta buɗe ta ajiye jariri lafiya lau ta tafi, ba a bin ta. Amma ƙofarsu ba irin wannan tagar ba ce. Dole su sanar da 'yan sanda, kuma 'yan sanda suna iya neman uwar. "Wataƙila ba ta san da tagar ba," ya ce, "ko ƙafarta ba za ta kai ta can ba. Mu dai yaron ne damuwarmu."

Motar ta fita ba jiniya. Ban ɗauki yaron ba. Ba wanda ya miƙo mini, ni ma ban roƙa ba.

Akwai shagon shayi na mamak, wato Indiyawa Musulmi, a tsallaken titi. Wani da ke zaune a can ya ɗauki hoto lokacin da ma'aikaciyar take shiga mota da ledar a hannu. Kafin la'asar hoton ya shigo zaurenmu na waya, an zagaye ledar da jan layi. Ba wadda ta rubuta komai a ƙarƙashinsa. Zauren da ba ya minti biyar ba a turo addu'a ko tallan turare ba, ya yi tsit har magariba.

Washegari Hajiya ta kira manyan cikinmu gidanta. Ta saka ni a ciki saboda shekaruna. Akwai wata mai yi mana kitso, Maman 'Yan Biyu, wadda bakinta ba ya zama, ita ta fara.

"Ni dai Hajiya ku cire ni tun yanzu. Wannan tumbin da kuke gani shinkafar ƙasar nan ce, ba mutum ba ne. Zanena kuma yana nan, har da tabon miyar da yaran nan suka yi mini."

"Ke wa ya kira sunanki?" in ji wata.

"Ai gara in kira da kaina. Na ga idon Maman Walida yana bin cikina tun da na shigo."

"Allah ya kiyaye," in ji Maman Walida, "ni kifin da kika ci nake nema inda ya shiga."

Aka yi dariya, gajeriya. Hajiya ba ta yi ba. Ta ce a gida da yanzu an gama. Da an kai yaro wurin mai unguwa, tsofaffin mata sun bi gida gida, kafin rana ta faɗi an san wace ce.

"Kuma kada ku ɗauka don a kunyata ta nake faɗa," in ji ta. "Yarinya ta haihu ita kaɗai, ina jin a banɗaki. Wa ya duba ko komai ya fita? Wa zai dafa mata ruwan wanka? Wa zai dama mata kunun kanwa? Tana can cikin wani ɗaki tana zubar da jini tana cewa zazzaɓi ne. Ni na ɗauki amanar yaran nan a wurin iyayensu."

Ba wadda ta musa, don gaskiya ta faɗa. Sai ta kawo dabararta. Dama ranar Asabar za mu taru a bakin tafkin Titiwangsa, mu yi sallama da wata da mijinta ya gama karatu. Za a sanar cewa kowa ta zo da anko cikakke, za a ɗauki hoton tarihi. Wadda ta zo ba zane, ko ta ƙi zuwa, an san ta. Hajiya za ta ja ta gefe cikin sirri.

"Hajiya," na ce, "idan aka gano ta a gaban mata sama da ashirin, maganar ba za ta tsaya a bakin tafki ba. Kowace tana da miji, ko uwa a waya. Za ta kai makaranta, ta kai wurin 'yan sanda, ta kai wurin ubanta. Karatunta ya ƙare, zamanta a ƙasar nan ya ƙare, wataƙila har da ɗauri."

"Malama, nan ba gidan rediyo ba ne. Mu ba ma watsa labari."

"Haba Hajiya," in ji Maman 'Yan Biyu, "ai mun fi rediyo. Shi rediyo ana ɗauke masa wuta."

Wannan karon har Hajiya ta murmusa, amma ba ta janye ba. Sanarwar ta fita a daren.

Na kwana biyu ina juya abin. Ban san wace ce ba. Na san dai ta karanta sanarwar, tana wani ɗaki a cikin benayen nan masu kama da juna, kuma ba ta da inda za ta samo atamfar nan kafin Asabar, ko da tana da kuɗin jirgi. Na san kuma yadda ɗaki yake idan mutum yana ciki shi kaɗai da abin da ba zai iya gaya wa kowa ba. Ƙarar firji ma sai ta zama kamar ana magana a kanka.

Ranar Alhamis da hantsi na zaro zanena daga ƙasan akwati. Na ƙulla kanwa da yaji a 'yar leda, na cusa a cikin ninkin. Kusa da tashar jirgin ƙasa akwai shagon wanki irin wanda kake zuba kaya a inji da kanka, kusan dukkanmu can muke zuwa, kuma kowa ta nan take wucewa. A jikin bango akwai kanta inda ake tara abin da mutane suka manta: safa ɗaya, tawul, hular yaro. Na ajiye zanen a can. Na zaɓi lokacin da na san Hajiya tana can wata unguwa ɗauko yara daga makaranta. Sannan na tsaya a bakin shagon na rubuta a zaure, yadda na saba karanta cigiya:

"Sanarwa. Akwai zanen ankonmu a kan kantar kayan mantuwa, a shagon wanki na kusa da tashar jirgi. Mai buƙatarsa ta je ta ɗauka."

Na kashe wayar, na hau jirgi, na wuni a ɗakin karatu ina kallon shafi ɗaya. Da yamma na biyo ta shagon. Safar tana nan, hular tana nan. Zanen ba ya nan. Ban san wa ya ɗauka ba. Tana iya yiwuwa ita ce, tana iya yiwuwa mai shara ce ta ga kyakkyawan ƙyalle.

Asabar ta zo da rana mai kyau. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyi, dogayen gine-ginen birnin suna tsaye a cikin ruwan tafkin kai a ƙasa. Yara suna guje-guje suna amsa wa iyayensu da Turanci. Na iso a makare da gangan, sanye da rigar anko da ɗankwali, da baƙin zane. Daga nesa na fara dubawa. Shuɗi, shuɗi, shuɗi, har ƙarshen tabarma. Ba wadda ta ƙi zuwa. Ba wadda ta zo ba zane sai ni. Na yi hamdala a zuci, na ƙarasa wurinsu.

Na san alamomin da ake dubawa. Wadda take zama da gefe ɗaya, wadda ba ta iya tashi sai ta dafa, wadda take jan hijabi a ƙirji. Duk macen da ta girma a gidan yawa ta san su, ko ba ta taɓa haihuwa ba. Na sami wuri a bakin tabarma na juya wa taron gefe, na zuba wa tafki ido. Akwai wasu ma'aurata a cikin ƙaramin jirgin da ake tuƙawa da ƙafa, suna ta zagaye a wuri ɗaya sun kasa miƙewa. Su na kalla har aka gama cin abinci.

"Anti, ina zanenki?" wata yarinya ta tambaya, da muryar da aka shirya don kowa ya ji.

"Ba ya hannuna."

"Ikon Allah," in ji wata daga baya.

Da aka zo hoto aka ce in koma layin baya, inda ba za a ga ƙasana ba. Ina da hoton har yanzu. Kaina kawai ya fito, tsakanin kafaɗu biyu.

Hajiya ta same ni ina naɗe tabarma. Ta kama ɗaya bakin, muka yi kamar aiki muke yi.

"Na je shagon wankin," ta ce. "Na tarar an riga ni. Ni ba yarinya ba ce, Malama, na san zanen wa aka ajiye a can."

Na ci gaba da naɗe tabarmar.

"Kin rufa mata asiri, na ji. To wa zai duba ta yanzu? Kin san tana zubar da jini ko ba ta yi? Kin san abin da take saƙawa idan ta rufe ƙofa? Da na same ta yau, gidana zan kai ta, in ce 'yar ƙanwata ce ba ta da lafiya. Kin hana. Idan wani abu ya same ta a ɗaki, alhakin yana wuyanki."

Gaskiya ta faɗa. Kanwa da yaji ba ungozoma ba ne. Ta karɓe tabarmar daga hannuna ta tafi.

Hajiya ba ta gaya wa kowa abin da ta gane ba, ni ma ban faɗa ba, don faɗar za ta sake tayar da farautar. Sauran sai suka haɗa nasu lissafin. Bazawara ce, tana zaune ita kaɗai, ana yin wata ba a gan ta ba, hijabinta har ƙasa, kuma an ce an gan ta tana fitowa daga ofishin bomba a safiyar. Sanarwar shagon wankin ma suka ce dabara ce ta kawar da ido. A gaskiya labarin ya tsaru. Da an kawo mini shi a ɗakin labarai, da sai na ce a bincika, ba zan ce a yar ba.

Ba wadda ta zage ni. Gaisuwa ce ta gajarce. Aka yi suna a benen da ke kallon namu, na ji labari a hotuna. Maman 'Yan Biyu kaɗai ta ci gaba da yi mini kitso, ita ma ta daina ba'a idan kaina yana cinyarta, abin da ya fi zagi ciwo. Wata Juma'a yayana ya kira daga Kano. Ya tambayi karatu, ya tambayi ruwan sama, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Ki turo mana hotonki mana, a tsaye, Inna tana son ganin ki." Na tura. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Wannan duk mai sauƙi ne, tunda kaɗaicin da na saba ne aka ƙara wa gishiri. Maganar Hajiya ce ta zauna mini. Kowace safiya kafin in fara karanta wa bango labarai, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman kanun da nake tsoro: an tsinci wata ɗaliba 'yar Afirka a ɗakinta. Idan waya ta yi ƙara a zaure, sai na duba ko saƙon ya fara da innalillahi. Aka yi hutun zango, wasu 'yan matan suka tafi gida, wasu suka koma wasu unguwanni, na rasa yadda zan ƙirga su ba tare da na fara neman da na hana a yi ba.

Sau ɗaya na tambayi Pak Cik labarin yaron. Yana goge madubin mota, bai daina ba.

"Asibiti sun ce lafiyarsa ƙalau. Ya koma hannun masu kula da marayu. Daga nan ba ma tambaya."

"Ba kwa son ku sani?"

"Muna so mana. Wancan da ya rungume shi, har yau idan ya ga kwali a bakin hanya sai ya leƙa. Amma idan muka bi duk wanda muka ɗauka har gida, wa zai hau mota gobe?" Ya matse tsumman. "Puan, dah makan?"

Na ce na ci. Ban ci ba.

Wajen lokacin da mai jego take cika arba'in, na dawo daga makaranta da la'asar, na tarar da leda a rataye a ƙarfen ƙofata, an ɗaure bakinta kamar abincin da aka yi tapau, wato aka ƙunso, daga shago. Na leƙa ta saman ɗaurin. Shuɗi, da ganye ruwan goro. An wanke, an goge, an ninke shi fiye da yadda ni nake ninkewa.

Na fara kwance ɗaurin, sai ƙamshi ya fara fitowa, na tsaya. An turara zanen. Haka muke yi idan za mu mayar da abin aro, ba a mayar da shi haka kawai. Amma a cikinmu kowace mace da haɗin turaren wutarta, wanda uwarta ko yayarta take aiko mata daga gida, kuma na zauna kusa da kowace a cikinsu a tabarma da mota da sahun salla. Numfashi ɗaya mai kyau ya isa in san ɗakin da zanen nan ya kwana. Ban sani ba ko ta manta da haka ne, ko kuwa so take in sani.

Na riƙe numfashi. Na buɗe ƙofa, na wuce banɗaki da takalmina, na zazzage ledar a bokiti, na kunna famfo, na zuba garin sabulu har ya yi yawa. Sai da kumfa ta rufe shuɗin gaba ɗaya sannan na shaƙi iska. Sabulu kawai na ji.

Na shanya shi a baranda. Daga nan ana hango rufin ofishin bomba, da rumfar da aka ajiye kwalin. Na ɗauki waya na kira Hajiya, karo na farko tun ranar tafki.

"Hajiya, an dawo mini da zanena. An wanke, an goge. Hawa tara ne zuwa ƙofata, kuma lif ɗinmu ya lalace tun shekaranjiya. Sai mai lafiya ce za ta hau su da ƙafa."

Ina jin yaranta suna faɗa a kan talabijin.

"Alhamdulillahi," ta ce. Sai kuma, "Wace ce?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba, ko ba za ki faɗa ba?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"Ke dai Malama," ta ce, ta ja numfashi. "To. Allah ya raya shi inda yake."

Na ce amin. Ba ta ce in zo gida ba, ni ma ban sa rai ba. Washegari da na idar da salla na buɗe labarai, na fara daga na farko ba tare da na leƙa na ƙasa ba, na karanta wa bango su duka har hasashen yanayi. An ce za a yi ruwa da rana, sai na tashi na kwashe zanen daga baranda.